Ciki Ya Wuce Watansa: A Jira, Ko A Ta Da Naƙuda?

A cikin al'amuran da su kan ta da gardama a gidajenmu akwai guda wanda ba a faye zancensa a dandali ba, saboda kunya, alhali kuwa rai biyu ke rataye da shi. Shi ne sa'ad da mace mai ciki ta cika watanninta, aka sa ido yau, aka sa ido gobe, shiru naƙuda ba ta zo ba. In ta je awo, ungozomar asibiti ta kan dubi kati ta ce ranar ta wuce, in an ƙara kwana kaza ba labari, a kawo ta a sa mata ruwan naƙuda. Da ta komo gida ta faɗa, sai magana ta rabu biyu. Uwar miji ta ce, "Mu da muka haifi goma, wa ya taɓa ƙidaya mana kwana? Ɗa ba ya wuce ranarsa. A bar wa Allah ikonsa." Wata maƙwabciya kuma ta ce, "Ina dalilin wannan wahala? Ai akwai ƙwaya a kemis, in ta sha da hantsi kafin la'asar ta sauka." Maigida ya rasa wadda zai bi. Ita kuwa mai cikin, wadda abin ke jikinta, sau da yawa ba wanda ya tambaye ta.

Wannan gardama tana nan a Kanya Babba, tana nan a Babura da Kazaure, har ƙauyukan Roni da na Gwiwa. Tambayar da ke ƙarƙashinta ita ce: shin ta da naƙuda da magani shisshigi ne cikin ikon Allah, ko kuwa zama a jira shi ne sakaci da amana? Ba shi yiwuwa a amsa ta sai an san abin da a ke gardama a kansa. Saboda haka bari mu fara da ranar nan da a ke rubutawa a kati.

Ranar Da Ke Kan Kati

Likitoci su kan ƙidaya ciki tun daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe da mace ta gani. Daga wannan rana su kan lissafa kwana 280, watau mako 40. Hanyar lissafin tana da sauƙi, kuma a kan kira ta da sunan wani likita Bajamushe, Naegele, wanda ya rasu a 1851. A ɗauki ranar da jinin ya fara, a ƙara kwana bakwai, sa'an nan a ƙidaya wata tara na Bature. Wadda jininta na ƙarshe ya fara ran 10 ga Janairu, ranarta ta kati ita ce 17 ga Oktoba. Ran 24 ga Oktoba ta cika mako 41, ran 31 kuwa mako 42.

To, amma wannan rana ƙiyasi ce. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san ƙiyasin kuɗi na shekara: a kan rubuta cewa kasuwa kaza za ta kawo kaza, kuma ba a taɓa samun adadin ya fito daidai har kwabo ba, amma in ba a rubuta ba, ba wanda zai gane an yi rara ko an yi giɓi. Haka ranar kati ta ke. Cikin jarirai 100, wajen 4 ko 5 ne kaɗai su ke zuwa a ranar tasu cif. Sauran su kan riga ta ko su bi bayanta, kuma duk haihuwar da ta faɗo tsakanin cikar mako 37 da cikar mako 42 likitoci ba su ce ta saɓa wa lokaci ba. Ashe ke nan in ranar kati ta wuce da kwana biyu ko uku, ba abin tsoro ba ne. A nan tsohuwa ta yi gaskiya.

Akwai kuma wani abin da ke rikita lissafi a ƙasarmu. Matanmu da watan sama su ke ƙidaya, shi kuwa kwana 29 ne ko 30. Wata tara na sama wajen kwana 266 ne, saura mako biyu a kai ranar kati. Saboda haka macen da ta ce, "Na shiga wata na goma," mai yiwuwa ne ba ta ko kai ranarta ba tukuna. Amma in wata goma na sama ya cika cif, an sami wajen kwana 295, an riga an haye mako 42. Wata kuma ta kan sami ciki tana goyo, jinin bai riga ya komo ba, ba ta da ranar da za ta fara ƙidaya daga gare ta. Irin wannan sai hoton ciki, wanda a ke kira sikanin. Wani likita a birnin Gilasgo, Ian Donald, shi da abokan aikinsa suka bayyana amfanin wannan na'ura a 1958. In an ɗauki hoton cikin wata uku na fari, ya kan faɗi kwanakin ciki, kuskurensa bai wuce mako guda ba. In an bari sai watannin ƙarshe, kuskuren ya kan kai mako uku, gaba ko baya.

Kwantaccen Ciki

Wani zai ce, "To, ina zancen ciki ya kwanta? Ai malamai sun ce ciki ya kan yi shekaru." Gaskiya ne malaman fiƙihu sun yi wannan magana. Gajeren ciki sun yanke shi wata shida, suka ciro shi daga ayoyi biyu: Suratul Ahƙaf ta haɗa ciki da yaye wata 30, Suratul Baƙara ta sa shayarwa shekara biyu, in an ɗebe 24 daga 30 saura shida. Wajen tsawonsa kuwa suka saɓa, gama ba aya ko hadisi tabbatacce da ya yanke shi. Hanafiyya suka ce shekara biyu, Shafi'iyya suka ce huɗu, mu Malikiyya aka sami huɗu aka sami biyar. Ibn Abdil Hakam, shi ma Bamalike ne, ya ce shekara guda. Ibn Hazm na Andalus ya ce wata tara, ba ƙari.

Sai mu lura da abin da ya sa suka yi wannan bincike. Shari'a ce ke gabansu: a tabbatar wa yaro ubansa, a kāre mace daga zargi. Amfanin wannan ya bayyana a zamaninmu. A 2002 wata kotu a Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa saboda ta haihu bayan aurenta ya mutu. Ran 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta, kuma cikin hujjojin da aka kafa har da wannan, cewa a mazhabar Maliku ana iya jingina cikin ga tsohon mijinta. Rahama ce aka shimfiɗa a gaban alƙali, don kada a zubar da jini a kan shakka. Ba a ajiye ta don ungozoma ta auna mai naƙuda da ita ba.

Likitoci kuwa, da na'urar da ke nuna abin da ke cikin mahaifa, sun ga abubuwan da a kan kira kwantacce. Wata jininta ne ya ɗauke don wani ciwo, ba ciki. Wata cikin ya lalace tun yana ƙarami bai fita ba. Wata ƙari ne ya fito mata a mahaifa. Wata kuma daga baya ta sami sabon ciki, aka haɗa lissafinsa da na wancan. Macen da cikinta ya tsufa, ɗa yana motsi, kada a ce da ita ya kwanta ne, a koma a zauna.

Abin Da Jinkiri Ke Jawowa

Kowane manomin riɗi a ƙasar nan ya san cewa yankan riɗi yana da 'yan kwanakinsa. In ka yanke shi da wuri, ƙwayar ba ta yi nauyi ba, ba mai. In ka bar shi ya wuce, kwanson ya fashe a tsaye, amfanin shekara ya zube cikin rairayi. Manomin da ke zagaya gonarsa kullum safiya yana duban ganye, ba wanda ya ce ya rasa haƙuri. Kuma ran da ya sa lauje ba wanda ya ce ya yi wa Allah shisshigi.

Ɗa a cikin ciki da mabiyiya ya ke rayuwa. Ta wurinta abinci da iska ke isa gare shi, ta igiyar cibiya. Ita kuwa ba a yi ta don ta daɗe ba. In ciki ya wuce lokacinsa, a wajen waɗansu mata aikinta ya kan soma raguwa, ruwan da ɗan ke kwance a ciki ya ragu, igiyar cibiya ta matsu. Wani ɗan ya kan yi kashinsa na fari tun yana ciki, ya shaƙe shi a huhu. Wani kuma mabiyiyarsa tana nan da ƙarfinta, sai ya yi ta girma har kai ko kafaɗa su ƙi wucewa, a faɗa cikin doguwar naƙuda. Ita ce ke jawo yoyon fitsari, ciwon da ya sa mata da yawa na jihar nan suka kwanta a asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta soma aiki a 2008.

An gwada abin nan a ƙasar Suwidin, aka buga sakamakon a 2019. Aka sami mata 2,760 masu lafiya, waɗanda cikinsu ya cika mako 41, aka raba su kashi biyu. Kashin farko aka ta da musu naƙuda nan da nan. Kashi na biyu aka bar su su jira har mako 42. A kashin farko ba jaririn da ya mutu. A na biyu shida suka mutu. Da masu binciken suka ga haka suka tsai da gwajin tun bai kai ƙarshe ba. Yawan waɗanda aka yi wa tiyata kuwa bai bambanta ba tsakanin kashi biyun. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2011 ta ba da shawara a ta da naƙuda ga macen da aka tabbata ta cika mako 41, ta kuma sāke nanata wannan daga baya.

A dubi adadin nan da idon basira. Shida cikin wajen 1,380 ba su da yawa. Mafi yawan matan da suka jira sun sauka lafiya da 'ya'yansu, shi ya sa kowace tsohuwa ke da labarin wadda ta wuce watanta ba abin da ya same ta, kuma ba ƙarya ta ke yi ba. Abin da ba ta gani ba shi ne, waɗanda abin ya faɗa wa ba su da alama a goshi. Ba mai iya duban mata ɗari biyu ya nuna wadda ɗanta zai daina motsi jibi. Wannan kuwa a Suwidin ne, inda asibiti ke kusa da kowa. Ina ga wadda ke ƙauye da damina, hanya ta yanke?

Abin Da Gaggawa Ke Jawowa

Kada mai karatu ya zaci tun da jinkiri yana da haɗari, sauri shi ne tsira. Hausawa sun ce sauri ya kan haifi nawa. Ruwan naƙuda da a ke ɗaura wa mace, sunan maganin da ke cikinsa oksitosin. Jikin mace da kansa ya ke yin irinsa in haihuwa ta zo. Wani masani Ba'amurke, du Vigneaud, shi ya fara haɗa shi a ɗakin bincike a 1953. Ƙwayar nan kuma da maƙwabciya ke zance, misofurostol, asalinta maganin gyambon ciki ce. A 2006 Nijeriya ta yi mata rajista don tsai da jini bayan haihuwa, kuma a wannan aiki ta ceci mata masu yawa. Amma bayan ɗa ya fito ke nan. Tun yana ciki, hukuncinta dabam ne. Abin da likita ke ba mace a lokaci guda don ta da naƙuda kashi ɗaya ne cikin takwas na ƙwayar da aka saba sayarwa, sa'an nan ya zauna yana duban abin da za ta yi.

Dalilin wannan tsantseni shi ne, duk sa'ad da mahaifa ta murɗa, jinin da ke zuwa wa ɗa ya kan ragu, sai ta saki ya sami iska. In magani ya yi yawa, murɗa ta bi murɗa ba hutu, ɗan ya galabaita. In kuma akwai abin da ya tare hanya, ko ɗan ya gicciye, mahaifa ta yi ta turi har ta yage. Wannan ya fi samun wadda aka taɓa yi wa tiyata, da wadda ta haihu biyar ko fiye. In mahaifa ta fashe a ɗaki, jini ya kan zuba ta ciki inda ba mai gani, kafin a sami mota an makara. Haka jiƙe-jiƙe da sassaƙe waɗanda a ke ba mace don naƙuda ta yi sauri: waɗansunsu suna da ƙarfi ƙwarai, kuma ba wanda ya san ma'auninsu.

Saboda haka Hukumar nan da ta ce a ta da naƙuda a mako 41, ita ce kuma ta gindaya sharuɗɗa. Sai an tabbata da kwanakin cikin, gama in lissafi ya karkace za a fito da bakwaini da hannu. Sai akwai dalili na lafiya. Sai an yi a wurin da za a riƙa sauraron zuciyar ɗa, a kuma iya yin tiyata in abin ya ƙi. Ko a asibiti ma ba abu ne mai daɗi ba. A kan fara duba bakin mahaifa ko ya yi laushi. Wani lokaci ungozoma ta kan shafa shi da yatsa kawai, a sallami mace ta je gida, naƙuda ta taso da kanta. Wani lokaci a sa 'yar roba mai kumburi ta buɗa shi a hankali, ko a ba da ƙwaya, sa'an nan ruwa. Abin ya kan ci kwana guda ko biyu, yana da zafi, yana cin kuɗi, kuma wani sa'i ya kan ƙare da tiyata.

Haƙuri Da Tawakkali

Yanzu mu komo ga tambayarmu. Mai cewa a bar wa Allah ikonsa, me ya ke nufi? In nufinsa shi ne ba mai haihuwa sai ran da Allah ya ƙaddara, wannan ba Musulmin da zai musa. Amma jaririn da aka ta da naƙudarsa ya faɗo ran Talata, Talatar nan ita ce ranar da aka rubuta masa. Likita bai ciro shi daga ƙaddara ba, gama ba mai iya wannan. Abin da aka rubuta a ɓoye ya ke gare mu. Abin da ke bayyane, wanda kuma za a tambaye mu a kansa, shi ne me muka yi da sanin da aka ba mu.

Wajen shekara ta 18 bayan hijira annoba ta faɗa ƙasar Sham. Sayyidina Umar ya tasam ma ƙasar, da labari ya iske shi a hanya ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ya ke yi. Ya amsa masa da cewa daga ƙaddarar Allah ya ke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ya kuma buga masa misali da mai raƙuma wanda ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora su da ƙaddara ya kora, amma mai hankali ya san gefen da zai nufa. Wanda ya kai matarsa asibiti ya bi hanyar Umar. In ya so ya haɗa da addu'a da rubutun sha, ba abin da ya hana, muddin ba su tsare shi a gida ba.

Haƙuri kuwa iri biyu ne, ko da ya ke sunansu ɗaya. Akwai haƙurin wanda ya yi abin da ke wuyansa, sa'an nan ya jira. Akwai na wanda ya ƙi motsi don tsoron kashe kuɗi, ko tsoron bakin mutane, ko ƙyuya, ya lulluɓe abin da sunan tawakkali. Hanyar rarrabe su ba wuya. Mutum ya tambayi kansa: da sāniyata ce ta kwana biyu tana fama, zan zauna in ce sai ran da Allah ya yi, ko zan aika a kira malamin dabbobi? In amsar ita ce zai aika, to, ya san irin haƙurin da ya ke yi wa matarsa.

Gaggawa ma iri biyu ce. Wadda ta ga ɗa ya rage motsi ta ce a tafi yanzu, ba ta yi aikin Shaiɗan ba. Amma wanda ke so a ta da naƙuda don suna ya faɗo kafin azumi, ko don ya ji daɗin yin tafiyarsa ta fatauci, wannan ya sa rai biyu cikin haɗari saboda biyan bukatarsa. Abin da ke cikin ciki amana ne, ba shi da bakin da zai ce a jira ko a hanzarta. Wanda aka ba amana ba shi da ikon yin ganganci da ita ta kowace fuska.

Wa Ke Da Magana?

Daga 1976 zuwa 1979 wani likita, Kelsey Harrison, da abokan aikinsa suka bi haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suna rubuta yadda kowace ta ƙare. Suka tarar mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda aka kawo sai da abu ya ɓaci. Shekaru sun shuɗe, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a arewa maso yamma wajen haihuwa 16 ne cikin 100 a ke yi a asibiti. Watau a wurinmu yawancin hukuncin nan a tsakar gida a ke yanke shi, kuma maigida da iyayensa ke yankewa.

Wannan nauyi ne babba. Mace, musamman mai cikin fari, kunya ba ta barinta ta ce uffan, har a kan yaba mata in ta yi naƙuda ba wanda ya ji. Amma motsin ɗa ita kaɗai ke jinsa, kuma jikinta ne za a ɗaura wa ruwa ko a yanka. Bai kamata a yanke magana ba a ji ta bakinta ba. In maigida yana jin nauyi, ya sa yayarta ko gwaggonta ta tambaye ta. Ya kuma ba ta izini tun da wuri, a gaban mutanen gida, cewa ko ba ya nan, in ta ga alama ta tafi. Alamun kuwa su ne: ɗa ya rage motsi, ko jini ya ɓalle, ko faya ta fashe naƙuda ba ta biyo ba, ko ruwan ya fito kore, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko zazzaɓi. Waɗannan ba a kwana da su, ko ranar kati ta yi ko ba ta yi ba. Mai hawan jini da mai ciwon sukari kuma lissafinsu dabam ne, sau da yawa ba a barinsu su kai ranar ma.

Ma'aikatan asibiti su ma da nasu. Wanda aka yi wa tsawa ba ya komowa. Haƙƙin mace ne da mijinta su yi tambaya a amsa musu da Hausa: Da me aka san kwanakin cikin nan, da jini ko da hoto, kuma hoton na wane wata ne? Lafiyar ɗan fa, da yawan ruwansa? In mun ƙara kwana uku me a ke tsoro? In ruwan naƙuda ya ƙi aiki, akwai mai yin tiyata a nan da dare? In an duba aka ga uwa da ɗa lafiya, mace ta zaɓi ta ƙara 'yan kwanaki bayan mako 41, tana zuwa ana dubawa sau biyu a mako, ba ta yi laifi ba. Abin da likitoci ba su so shi ne a haye mako 42. Wanda gidansa ke nesa kuwa, dabara ita ce da ranar kati ta gabato ya kai ta wajen dangi kusa da babban asibiti, a Babura ko Kazaure, ya tanadi kuɗin mota, ya kuma san 'yan'uwan da za su ba da jini in an nema. In goyon ciki ta tafi gidan iyayenta, katin ya bi ta.

Aikin Wanda Ya Iya Rubutu

Duk abin da muka faɗa ya rataya ga abu guda, watau sanin kwanaki. In ba a san ranar da aka fara ba, likita ba shi da tabbacin ciki ya wuce, tsohuwa ma ba ta da tabbacin bai wuce ba, kowa lalube ya ke yi cikin duhu. Saboda haka gardamar da a ke yi a wata na goma, a wata na fari ya kamata a kashe ta. Tun ran gini ran zane.

A nan ne ku da kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci kuka fi iyayenmu gata. Su ba su da abin riƙe rana sai tuni, su ce wajen Sallar Layya ne, ko lokacin da aka yi shuka. Ke da kika iya riƙe alƙalami, sami ɗan littafi ki ajiye a adaka. Duk wata, ran da kika ga jini, rubuta kwanan watan, na Bature ko na sama, ko da boko ko da ajami. Ba wanda zai gani sai ke. Ran da wata ya ɓace miki, ranar ƙarshe da ke cikin littafin ita ce za ki kai wa ungozoma, ki kuma je awo tun ciki bai wuce wata uku ba. Kai kuma maigida, karatun da ka ke duba rasit da shi, ka duba katin matarka da shi. Ka ƙidaya kwana bakwai bayan ranar da aka rubuta, ka sa alama a kalanda. Kafin wannan alama, in ba wata alamar haɗari, a yi haƙuri, a bar kemis, a ci gaba da zuwa awo. In an kai gare ta shiru, a tafi asibiti a ji abin da za su ce, zuciya a kwance, gama an yi abin da ke wuyan ɗan Adam, saura na Mai Duka.

Allah ya raba masu ciki da abin da ke cikinsu lafiya, ya raya abin da aka samu. Amin.